Kare Tsokar Zuciya Mai Kauri a Lokacin Tiyata: Nazari Daga Mahangar Majinyatan Ƙasar Kano

A tiyatar da ake buɗe zuciya, akwai lokacin da likita yake sa ƙarfen matsi ya datse awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki. Daga wannan daƙiƙa, na'urar zuciya-da-huhu ce ke ciyar da ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da sauran gaɓoɓi. Gaɓa ɗaya ce na'urar ba ta kai wa jini, ita ce zuciyar kanta, domin jijiyoyi biyu da ke ciyar da tsokarta daga gindin awota suke tsirowa, ƙasa da inda aka datse. Shi ya sa mai kula da na'urar yake danna agogo, yana faɗar mintocin da suka wuce da babbar murya. Canza bawul ɗaya kan ci awa guda ko fiye, bawul biyu kan doshi awa biyu. Ita kuwa tsokar zuciya, idan aka bar ta da ɗuminta babu jini, cikin minti 20 zuwa 30 take fara mutuwar da ba ta farfaɗowa.

Duk dabarun da likitoci ke kira kare tsokar zuciya an ƙirƙiro su ne don cike tazarar da ke tsakanin waɗannan lokuta biyu. Zuciya mai lafiyayyen bango tana yafe wa likita ƙananan kurakurai. Wadda bangonta ya yi kauri ba ta yafewa, kuma irinta ce ta fi yawa a cikin majinyatan da ke fitowa daga garuruwa irin su Minjibir.

Daga ina kaurin yake zuwa

Ƙaramar hukumar Minjibir, arewa maso gabas da birnin Kano, tana da mutane sama da 200,000 a ƙidayar 2006, akasarinsu manoma, gida na gogar gida, gona na gogar gona. Hanyoyi biyu ne manya da ke kai mutumin irin wannan yanki ga kaurin zuciya.

Ta farko hawan jini. Magidanci yana shekara goma ko ashirin da shi bai sani ba, ko ya sani amma yana shan magani sai ran da kai ya sara. Zuciya tana tura jini a kan matsin da ya fi ƙarfinta, sai tsoka ta ƙara nama. Binciken THESUS-HF da aka wallafa a 2012, wanda ya bi majinyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, ya samu hawan jini ne sanadi a kashi 45 cikin 100.

Ta biyu ciwon maƙogwaro na yarinta. Ƙwayar cutar sitirep tana kama yaro ɗan shekara 5 zuwa 15, maƙogwaro ya yi ciwo ya warke, bayan mako biyu ko uku garkuwar jiki ta juya ta afka wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Idan abin ya maimaitu, bawul ya ƙanƙance ko ya riƙa yoyo. Inda ɗakin yara guda yake ɗaukar shida ko takwas, ga sanyin hunturu, ƙwayar ba ta wahalar samun na gaba. Farfesa Mahmoud Sani da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da abokin aikinsu, sun wallafa nazari a 2007 inda kusan kashi 10 cikin 100 na hotunan zuciya na eko masu nuna matsala da suka duba a Kano suka nuna wannan cuta, matsakaicin shekarun masu ita kuma wajen 24. Babban binciken REMEDY, mai majinyata 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, ya nuna kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu.

Ya kamata a ware wani nau'in girman zuciya daban, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970 a tsakanin mata masu jego. A can ɗakin zuciya ne ke buɗewa, bango ya saki. Maganinsa ba na wuƙa ba ne, kuma ba shi ne batunmu ba. Batunmu bangon da ya ƙara nama: na ɗakin ƙasa na hagu, wanda a lafiyayyen baligi bai cika wuce milimita 11 ba, amma a mai ƙuntataccen bawul ɗin awota ya kai 15, ko 18, ko fiye.

Abin da kauri ke yi wa tsoka

Mutum zai zaci tsoka mai kauri ta fi juriya. A wajen rashin jini, akasin haka ne, kuma dalilin yana cikin yadda aka shimfiɗa hanyoyin jinin.

Manyan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya a bayan bango suke kwance, suna aika rassa su huda tsoka daga waje zuwa ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonakin rani na bakin madatsar Wasai da ke kan kogin Jakara ya ga misalin wannan. Inji yana bakin ruwa, fangalin farko ya cika har ya tumbatsa, na ƙarshe kuwa sai abin da ya rage. Idan manomi ya ƙara fangula bai ƙara ƙarfin inji ba, bai faɗaɗa magudana ba, na ƙarshen ne ke fara yaushi. Shimfiɗar ciki ta bangon zuciya ita ce fangalin ƙarshe. Lokacin da tsoka ke yin kauri, ƙwayoyinta ne ke ƙara girma, amma siraran jijiyoyin da ke tsakaninsu ba sa ƙaruwa daidai da su. Iskar oksijin sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta isa tsakiyar kowace ƙwaya.

Ga kuma wani abu. Bangon hagu ba ya samun jini sosai sai a lokacin da zuciya ta saki, domin a lokacin matsewa tsoka tana danne jijiyoyinta da kanta, kuma dannewar ta fi tsanani a shimfiɗar ciki. Bango mai kauri yana da tauri, ba ya saki da wuri, matsin da ke cikin ɗaki yana nan sama ko a lokacin hutu. Sannan zuciya ba ta da ajiya. Sauran jiki yana zarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na oksijin ɗin da jini ya kawo, ita kuwa tana zarar kusan kashi 70 cikin 100 ko mutum yana kwance. Ba ta da inda za ta ƙaro sai dai a ƙara mata jini. Ke nan majinyaci mai kaurin zuciya yana shiga ɗakin tiyata da shimfiɗar cikin da ta daɗe a bakin yunwa, wani lokaci ma tabo ya riga ya maye gurbin wani sashe nata.

Darasin da aka biya da rayuka

John Gibbon ya yi nasarar amfani da na'urar zuciya-da-huhu a ranar 6 ga Mayu, 1953 a Filadelfiya ta Amurka. Bayan shekara biyu, Denis Melrose a Landan ya nuna ana iya tsayar da zuciya cak da ruwa mai sinadarin fotasiyam. Sai dai ruwan nasa ya yi kauri ƙwarai, ya ninka wanda ake amfani da shi yau fiye da sau goma, aka riƙa ganin tsoka ta mutu wuri-wuri, aka yi watsi da shi. Likitoci suka koma wasu hanyoyi: wasu suna datse awota su yi sauri, wasu suna sa zuciya karkarwa da lantarki don ta daina bugawa alhali jini na ratsa ta.

A 1972 Denton Cooley na Hustan ya bayyana abin da ya kira zuciyar dutse. An gama aiki, an saki awota, amma ɗakin hagu ya ƙame ya dunƙule, ba ya matsewa ba ya saki, ba magani ko tausa da ke motsa shi. Mafi yawan waɗanda abin ya faru da su masu kaurin bango ne saboda cutar bawul ɗin awota. Abin da ke faruwa shi ne, makamashin da ke cikin ƙwayar tsoka, wato ATP, ba don matsewa kaɗai ake buƙatarsa ba, har don saki. In ya ƙare, kalsiyam ya cika ƙwayar, zaren tsoka ya maƙale da juna.

A wannan zamani ne Gerald Buckberg da abokan aikinsa a Los Anjalas suka gwada a dabbobi suka nuna cewa karkarwa, wadda lafiyayyar zuciya ke iya jurewa, tana kashe shimfiɗar ciki ta zuciya mai kauri, domin tsoka mai karkarwa ba ta sakin jijiyoyinta ko na daƙiƙa guda. Alƙaluman da suka fito daga irin waɗannan gwaje-gwaje su ne ginshiƙin fannin har yau. Zuciya mai aiki tana cin wajen mililita 8 zuwa 10 na oksijin a kowane giram 100 cikin minti guda. Idan aka tsayar da ita tana sake, ko ba a sanyaya ta ba, sai ta koma wajen 1. Idan aka sanyaya ta zuwa digiri 22, sai ta koma wajen 0.3. Abin lura a nan, tsayarwar ce ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ragin, sanyi ƙari ne a kai. Wannan zai yi mana amfani idan muka zo kan masu sikila.

Masu bincike Gay da Ebert sun dawo da fotasiyam a 1973 da ma'auni mai sauƙi. A 1975 David Hearse da Mark Braimbridge na Asibitin St Thomas a Landan suka fito da ruwan da ke ɗauke da sunan asibitin. A 1978 ayarin Buckberg ya gauraya fotasiyam da jinin majinyacin kansa, don ruwan ya zo da oksijin da abin da ke kashe tsami. A Jamus kuma Bretschneider ya bi wata hanya daban, ta rage gishirin sodiyam, wadda ta haifar da ruwan da ake sayarwa da sunan Custodiol.

Isar da ruwan ya fi haɗa shi wuya

Wanda ya ga ana ba da ruwan tsayar da zuciya ba ya mantawa. An datse awota, ruwa mai sanyin digiri 4 ya fara shiga, bugun ya yi rauni, layin da ke tsalle a allon na'ura ya faɗaɗa ya kwanta, cikin minti guda ko biyu tsokar da ke motsi tun kafin a haifi mai ita ta yi laƙwas, ta yi sanyi a hannu. Likita yana taɓa ɗakin hagu da yatsa ya ji ko ya yi taushi ko ya cika ya yi tauri. A zuciya mai kauri, wannan kwanciya tana iya yaudara. Waje ya tsaya ya yi sanyi, ciki kuwa da sauran ɗumi da ɗan motsin da ido ba ya gani. Don haka ake ƙara yawan ruwan, a ƙara tsawon lokacin ba da shi, a tura shi da matsin da zai huda bangon, wasu ma su soka allurar auna zafi a bangon tsakiya su tabbatar ya sauka zuwa digiri 10 ko 15. Zuba ƙanƙara a kan zuciya ba ya wadatarwa, sanyinta a fatar waje yake tsayawa, kuma tana iya lahanta jijiyar da ke motsa tantanin numfashi.

A nan ne majinyacinmu ya bambanta da na littafi. Galibin ƙa'idojin da ake koyarwa an gina su ne a kan dattijon Turai ko Amurka mai toshewar jijiya ko bawul ɗaya da tsufa ya ƙandare. Mu ɗauki misalin mace 'yar shekara 22 daga garin Kunya da ke Minjibir, mai cutar bawul tun tana yarinya. Sau da yawa bawul biyu ne suka lalace, na awota yana yoyo, na tsakanin ɗakunan hagu ya ƙuntata ko shi ma yana yoyo.

Yoyon bawul ɗin awota yana rusa hanya mafi sauƙi. Idan aka zuba ruwan a gindin awota, maimakon ya shiga jijiyoyin zuciya sai ya zurare cikin ɗakin hagu, ɗakin ya kumbura, bango ya miƙe, shimfiɗar ciki ta ƙara dannuwa. Asara biyu ke nan a lokaci guda. Dole likita ya yanka awota ya sa bututu a bakin kowace jijiya kai tsaye, ya kuma sa bututun tsotsa a ɗakin hagu don kada ya cika. Ko kuma ya bi ta baya, ya tura ruwan ta babbar jijiyar da ke kwashe jinin da tsoka ta gama amfani da shi, dabarar da Philippe Menasché ya farfaɗo da ita a Faris a 1982 musamman don tiyatar bawul ɗin awota. Ta baya tana isa shimfiɗar ciki ta hagu da kyau, kuma ba ta tsayar da aiki, muddin matsin bai wuce 40 a ma'auni ba.

To amma hanyar baya ba ta kyautata wa ɗakin dama, domin jijiyoyinsa da yawa ba ta wannan mashiga suke dawowa ba. A dattijon Turai wannan ƙaramin lamari ne, ɗakin damansa siriri ne mai lafiya. A majinyaciyarmu kuwa, shekarun da jini ya yi yana taruwa a huhu sun ɗaga matsin huhu, ɗakin dama ya yi kauri shi ma. Ga shi shi ne a gaba, daidai ƙarƙashin fitilun ɗakin tiyata, shi ke fara ɗumama. Haka abin yake ga yaran da aka haifa da lahanin Fallot, masu shuɗin leɓe, waɗanda a wurinmu sukan kai shekara bakwai ko goma kafin a kai ga tiyata, alhali a ƙasashe masu hali kafin su cika shekara guda ake yi musu. A ganina, ga irin waɗannan zukata babu hujjar dogara da hanya ɗaya. A haɗa ta gaba da ta baya, kuma a ba jijiyar dama nata kason kai tsaye.

Sanyi da sikila

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu cikakkiyar sikila a kowace shekara. Abubuwan da ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe su ne sanyi, da ƙarancin oksijin, da tsami, da tsayuwar jini wuri guda. Duka huɗun suna haɗuwa a cikin jijiyoyin zuciyar da aka tsayar da jini mai sanyi. Gaba kura baya siyaki: kauri yana neman sanyi, sikila tana gudunsa, kuma siraran jijiyoyin da za su toshe su ne dama waɗanda suka yi ƙaranci.

Mafitar tana cikin alƙaluman da muka kawo. Tunda tsayarwa ce ke yin mafi yawan aikin, ana iya rage sanyi a ƙara yawan ciyarwa. Likitocin Toronto sun nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa ana iya tsayar da zuciya da jini mai ɗumi da ake turawa kusan babu yankewa. Wata hanya ita ce a fara wanke jinin majinyaci daga jijiyoyin da ruwa zalla kafin a sanyaya. Ga mai SS kuma, ana musanya masa jini kafin aiki ko a kan na'ura har nau'in S ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Kan mai AS likitoci sun saɓa, wasu cibiyoyi suna yi masa kamar kowa, wasu suna kauce wa sanyi mai tsanani. Ko wanne aka bi, gwajin jinotayif ba abin da za a bari sai daren tiyata ba ne.

Ruwan da ake bayarwa sau ɗaya

A shekarun 1990 Pedro del Nido ya haɗa wani ruwa a Jami'ar Pittsburgh don zukatan yara: kashi huɗu ruwa, kashi ɗaya jini, da lidoken da magniziyam don hana kalsiyam cika ƙwaya. Bayarwa ɗaya tana riƙe zuciya har wajen minti 90, alhali jini mai sanyi sai an maimaita shi duk minti 15 zuwa 20. Yanzu ana amfani da shi ga manya a ƙasashe da yawa, kuma dalilin sha'awarsa a wurinmu a fili yake: ana haɗa shi da magunguna masu araha, kuma likita ba ya ajiye allura yana jiran ruwa.

Kowane allazi da nasa amanu. Custodiol yana buƙatar ruwa mai yawa, ga 'yar ƙaramar mace mai ƙarancin jini wannan yana tsinka jininta ya sauke gishirinsa, a garin da samun leda huɗu ta jini sai 'yan'uwa sun yi layi. Shi kuma na del Nido, ƙarfinsa shi ne rauninsa. Idan bayarwar farko ba ta ratsa bango mai milimita 18 ba, babu ta biyu da za ta gyara sai bayan awa guda da rabi. Shi ya sa likitoci da yawa suke ƙara ma'aunin a zuciya mai kauri, su kuma maimaita tun wajen minti 60. Ina ganin wannan taka-tsantsan ya fi wajaba a kanmu, saboda dalilin da ba na kimiyyar tsoka ba.

An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Inugu a Fabrairun 1974, inda Farfesa Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yacoub. Daga nan zuwa 2000 aiki 102 aka yi a can, wato kusan huɗu a shekara. Hatta ɗan ƙwallon ƙafa Nwankwo Kanu a Kilibland ta Amurka aka yi masa tiyatar bawul ɗin awota a 1996, kafin ya kafa gidauniyarsa a 2000. Masu hali sun riƙa nufar Indiya da Masar, wasu marasa hali suka samu shiga Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe kusa da Khartum a 2007, inda aka riƙa yi kyauta. An samu ci gaba a cikin gida tun daga lokacin, amma har yanzu aiki da yawa zuwan ayari ne na mako guda ko biyu. Ayarin da ba ya aiki tare kullum hannunsa bai kai na masu yi kullum sauri ba, kuma wannan ba aibin kowa ba ne. Ma'anarsa dai awota za ta daɗe a datse. Aikin da aka tsara wa minti 80 yana iya kaiwa 120, a kan zuciyar da ta zo a makare. Tsarin kariya da za a zaɓa tilas ya zama mai jure jinkiri, ba wanda sai komai ya tafi daidai ba.

Bayan an saki awota

Dawowar jini ita ma tana da nata lahani, domin oksijin da kalsiyam suna afka wa ƙwayoyin da suka galabaita. Wasu likitoci suna ba da jini mai ɗumi mai fotasiyam na 'yan mintoci kafin sakin, don tsoka ta mayar da makamashinta kafin ta koma bugu. Idan zuciya mai kauri ta tashi da karkarwa, ba a jira, nan take ake buga mata lantarki, bututun tsotsa yana aiki, matsin jini a na'ura yana sama.

A ɗakin kulawa ta musamman ma lissafinta daban ne. Matsalarta ba rashin ƙarfin matsewa ba ce, rashin saki ce. Tana son a cika ta da isasshen ruwa, bugu ya tafi a hankali kuma a kan tsari, don ta samu lokacin sha. Idan matsin jini ya faɗi aka yi gaggawar ƙara adirenalin, bugu ya yi sauri, lokacin saki ya gajarta, shimfiɗar ciki ta ƙara shiga yunwa. Ma'aikacin jinya da ya fahimci wannan a tsakar dare yana cikin masu kare tsokar, kamar likitan da ya riƙe wuƙa.

Idan an cire abin da ke danne zuciya, kauri yana raguwa, mafi yawa cikin wata shida zuwa shekara guda. Tabo kuwa ba ya gushewa duka, kuma idan hawan jini yana nan ba a kula da shi, raguwar ba ta nisa. Majinyaciyar Kunya tana da wani zaɓi mai nauyi. Bawul na ƙarfe yana daɗewa, amma sai ta sha wafarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, tana zuwa gwajin jini a kai a kai, ga haɗarinsa ga juna biyu. Bawul na naman dabba, ko gyaran nata na asali, yana ba ta damar haihuwa cikin sauƙi, amma na dabba yana saurin lalacewa a jikin matashi, sau da yawa kafin shekara goma ko jim kaɗan bayanta. Wannan yana nufin akwai yiwuwar a sake datse awotarta tana 'yar shekara talatin da 'yan kai, a aikin da ya fi na farko tsawo saboda mannewar tabo, kuma da tsokar da tiyatar farko ta bar mata za ta shiga ta biyun.